Bargar Kakanmu Ba Ta Rushewa

Warin harawa in ruwan farko ya taɓa ta, shi ke maida ni yarintata a ƙauyenmu na ƙasar Droum, cikin bargar kakanmu. Kada ka zaci bargar sarauta ce. Ɗaki ne na tubali da azara, da turke biyu, da komin itace da haƙoran dabba suka cinye bakinsa. Goɗiya ɗaya ce a ciki, wadda ke kai kaka kasuwa. Da bazara, in gari ya ɗau zafi, can muke fakewa, mu jingina baya da bango mai sanyi muna jin tana tauna.

Goɗiyar ta mutu a shekarar fari, kaka ya bi ta ba da daɗewa ba. Sai baffana ya ce a rushe bargar, a kwashe ƙasar a kai gona taki, a ɗora butik, wato shago, na siminti a wurin. Har ya yi magana da magina.

Kakata ba ta yi musu da kowa ba. Da hantsi ta sa muka ɗauko mata gadonta na kara da butarta, ta tare a bargar. Baffa ya zo ya durƙusa yana ba ta baki, ya ce ɗakin dabba bai dace da ita ba.

"Mijina ya ɗebo ƙasar nan da kansa," in ji ta. "In za ku rushe, ku rushe ina ciki."

Damina guda ta yi a can, sauro na cizonta, rufi na yoyo. Baffa ya gaji, ya hau da kansa ya yi yaɓe.

Yanzu bargar a hannuna take, nan nake ɗaure shanun nomana. Bana wasu ma'aikata suka zo daga Zinder, suka ce irin ginin nan ya yi ƙaranci, za su sa shi cikin kayan tarihi. Na yi murna, sai suka ƙara da cewa in fitar da shanun nomana, a kulle ƙofa don masu zuwa kallo. Na ce su kafa allonsu na sanarwa, amma shanu ba sa fita. Ɗakin ƙasa in aka kulle shi, gara ce ke gadonsa. Na ga yadda gidajen da aka bari suka zube a unguwarmu.

Sun ce za su yi shawara su dawo. Ni dai na riga na kwaɓa ƙasar yaɓen bana.