Carbin Baba a Bakin Tafkin Challawa

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Dakata, ni da Yayana, Umma na bin mu har soro da addu'a da kular ɗanwake. Tafiyar ba ta fitar da mu daga Kano ba, amma na daɗe ban yi wadda ta tsaya mini a rai kamarta ba. Yaya zai yi gwajin aikin nutso a wata masana'antar jima da ke Challawa, inda suke neman mai shiga tafkin ruwansu ya buɗe bakin famfo idan ya toshe. Makon jiya ya gwada, ya fito da hannun rigarsa ta ciki a jiƙe, ya faɗi gwajin. Ogan masu nutson ya ce ya dawo sau ɗaya, daga shi babu ƙari. Tun da aka rufe masaƙar da yake aiki yake zaune a gida, don haka na nace sai na bi shi.

Mun fara biyawa ta Bompai, wani sito da ake ajiye kayan nutson. An kwana ana ruwa, titi ya cika da kududdufai, kowanne ɗauke da ɗan guntun sararin sama, har sai tirela ta zo ta farfasa shi. A nan na fara ganin rigar. Baƙa ce, haɗe take tun daga ƙafa har wuya, ga wani ƙaton zif a kafaɗa. Da aka rataye ta sai na ga kamar mutum ne da ya fita ya bar inuwarsa.

Mai adaidaita ya ƙare wa jakar rigar kallo ya ce kuɗin mutum guda za mu biya mata, tunda ta fi ni ƙiba. Ban yi musu ba, gaskiya ya faɗa. Muka ratsa gari muka faɗa Sharada daidai lokacin canjin aiki. Masu fitowa idanunsu jajur, masu shiga na tafe da burodi a hammata, mai shayi na ɗaga kofi sama yana tsiyayawa kamar mai jan zare. Muka tsaya muka sha, ga ƙosai mai zafi a takarda. Yaya bai iya cin ko biyu ba. Daga hanyar Panshekara hancina ya riga idona sanin mun kusa, don warin jima ba ya jiran sallama.

Tafkin na bayan masana'antar, ruwansa kamar shayin da aka manta a tukunya. Ogan, wani dattijo da ya yi shekaru yana nutso a Fatakwal, ya yi mini bayani ganin yadda na zuba ido. Rigar ba ta yarda ruwa ya taɓa fata, kuma a irin wannan ruwan haka ake so, don yana cin jiki. Ƙofofinta uku ne: zif, wanda ake goga wa kakin zuma, sai robar wuya da ta wuyan hannu, waɗanda dole su kwanta a kan tsurar fata. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne. Farar riga mai dogon hannu ake sawa a ciki, ita ce mai ba da shaida.

"Silin gashi ɗaya ya shiga tsakani, Hajiya, ruwa ya samu hanya," in ji shi.

Ni aka ba gwangwanin hoda in barbaɗa wa Yaya a hannu don robar ta zame. Ina kama hannunsa na hagu na ji ƙwayoyi a ƙarƙashin farar rigar. Carbin marigayi Baba ne, ya naɗe shi ya tura sama. Tun rasuwar Baba bai raba shi da jikinsa ba. Ga jelar carbin nan, zarenta ya sauko har wuyan hannu, daidai inda robar za ta zauna.

"Yaya, da shi ka shiga wancan makon?"

Ya kalli zaren, ya kalle ni. Sannan ya ce a hankali, "Auta, ƙasan nan duhu ne. Ko tafin hannuna ba na gani."

"Kawo. Kai ka yi aikin, ni in ja maka."

Ya daɗe kafin ya warware shi. Ogan ya kau da kai kamar yana duba igiya. Aka ja zif, aka ɗora masa tukunyar iska, ya durƙusa ya saki iskar da ta kumbura rigar, sannan ya bi tsani, ruwan ya rufe a kansa.

Abin da ya rage mini kumfa ne kawai. Yana tasowa, yana fashewa, ni kuma ina jan ƙwaya ɗaya ga kowane numfashinsa. Wasu farare balbelu suka sauka a kan katanga. Na tuna yadda Baba ke zama a kan buzu bayan Magariba, wannan carbin na tafiya a yatsunsa. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji famfo ya yi tari, ya kama ruri, ma'aikata suka ɗau shewa.

Da ya fito sai da aka wanke rigar da tiyo kafin a buɗe zif. Ogan ya kama hannun hagu ya juya shi, ya shafa wuya, ya duba ƙirji. Rigar cikin fara fat, a bushe, kamar yanzu Umma ta ɗauko ta daga igiya.

"Litinin ka zo da wuri," ya ce. Ya juyo gare ni. "Ke kuma Hajiya, ai ke ya kamata mu ba rigar."

Sai a lokacin na lura gefen mayafina ya jiƙe sharkaf da hawaye.

A cikin farar rigar Yaya ya yi Azahar a masallacin ma'aikata, sannan ya cinye ɗanwaken tas bai rage mini ba. A hanyar dawowa hadari ya haɗu ta wajen Na'ibawa, ruwa ya tsuge, labulen adaidaita ya kasa tare komai. Muka shiga gida muna ɗiga, Umma na tambaya ko an sake faɗuwa ne, Yaya na dariya ya kasa ba ta amsa.

Na koyi cewa wani lokacin abin da mutum ya ƙanƙame don ya tsare shi, ta nan ruwa ke shiga, kuma ba sai an yar da shi ba, a ba ɗan'uwa ya riƙe. Da dare na miƙa masa carbin. Ya ce in ajiye a wurina, duk ranar da zai shiga ruwa zai kira ni tukuna.