Ta'aziyyar Damagaram da Ƙofar da Na Riƙe

Ana kiran assalatu muka bar unguwar Nassarawa GRA a Kano, ni da Maigida da direbansa Ɗan'azumi. Maigida tsohon minista ne, ni kuma tsohon sakatarensa, wanda har yau ban yarda an yi mini ritaya ba. Gwamnati ta rufe iyaka, ta ce babu magana da maƙwabta, ga motocin kayan mutanenmu jibge a tsallake, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu. Maigida ya ce sai ya je ya roƙa a sake su. Da yake babu gwamnatin da ke hana ta'aziyya, sai muka fake da rasuwar yayan Alhaji Mamman, tsohon abokinsa da mahukuntan can ke jin maganarsa.

Daura

Nan muka sha koko da ƙosai. Ni ban ji daɗinsa ba, ina ta bitar hujjojin da zan zuba idan aka ce in yi bayani.

Kwangwalam

A bakin iyaka jami'i ya leƙo. "Ina zuwa, ranka ya daɗe?"

"Gaisuwar mutuwa," in ji Maigida.

Ya dubi ƙatuwar jakata, ya yi murmushi. "Allah ya jiƙan musulmi."

Damagaram

Bayan azahar muka isa. Ɗan'azumi ya ajiye mu can nesa, bakin masallaci, muka tako. Aka zauna kan tabarma, aka yi addu'a, aka shafa. A zaman makoki ba a zancen duniya. Sai an tashi, mai gida ya yi wa baƙo rakiya zuwa mota, a nan manya ke ƙus-ƙus ɗinsu.

Wallahi na san wannan. Amma da na ga Maigida na ɗingishi, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa. Na sulale, na sa Ɗan'azumi ya kawo mota har bakin zaure. Yana cewa "Yallaɓai, Maigida fa ya ce...", na daka masa tsawa.

Suna fitowa, ga mota a gabansu, ga ni na wangale ƙofa. Rakiya ta ƙare tun ba a fara ba. Maigida ya yi mini wani kallo, na tuna direbobin nan.

Sai ya kama hannun Alhaji Mamman. "Tamu tana can bakin masallaci."

"Haka na gani," in ji Alhaji Mamman.

Suka raɓa ta gefena suka wuce, kamar ba su taɓa ganina ba. Ina tsaye riƙe da ƙofa, jama'ar makoki na kallona, har suka ƙule.

Kano

Washegari muka dawo, mun gode Allah. Da muka zo iyaka, motar kaya ta farko ta fara tayar da inji, direbanta na naɗe tabarma.

A gida matata Hajiya ta tare ni. "To, me kuka ce musu har suka yarda?"

Na cire hula na ajiye. "Hajiya, ni dai ƙofa na riƙe."