Waƙar Sande da ke tsayawa a tsakiya

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Sande Mai Jita, kuma ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Ba rashin so ba ne. Ni aji uku na yi a firamare, malaminmu ya gaji da kiɗan da nake masa a kan benci, ya ce in je in nemi sana'a. Sauran bokon a jikin motoci da allunan shaguna na tsince shi. In kun ga rubutun yana ɗingishi ku yi haƙuri, mai shi ma haka yake tafiya yanzu. Abin da ya sa na ɗauki biro bana, wata magana ce da ta hana ni zama wuri ɗaya tun farkon damina.

Yaran yanzu ba su san Sande ba. Ubansa makanike ne da ya taso daga kudu ya kafa gareji a bakin hanyar Akwanga. A nan Keffi aka haifi Sande, Hausarsa ta fi tawa daɗi, zagi ma ya fi ni iyawa. Shi ya haɗa ƙungiyarmu, Garwashi, mu huɗu: shi da jitarsa mai lasifika, Bala da Yohanna, sai ni a kan ganguna. Kiɗan rok muke yi, wai. Na ce wai, domin har yau ban san ma'anar kalmar ba. Abin da Sande ya gaya min kawai shi ne in riƙa dukan fatar kamar ta zagi kakata. Bala da Yohanna sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, ni da na fi kowa rashin jin magana.

Waƙa ɗaya muka yi da duniya ta sani, "Kar Ki Hau Motar Gitata." Sande ya tsara ta ne saboda wata yarinya 'yar Gitata mai sayar da abinci kusa da garejinsu, wadda ta yi fushi da shi ta ce za ta koma gida. Ta kuwa hau motar. Shi ya bi ta a kan keke. Ita ce yau muke kira Maman Ngozi, matar da ya bari a Angwan Iya.

A ɗakin bayan shagon wani mai gyaran rediyo muka ɗauki waƙar, a Liman Abaji, katanga ɗaya tsakaninmu da masallaci. Faifai guda gare shi mai kyau, ya ce in muka ɓata shi ke nan. Muka fara, abu ya yi daɗi, ni kaina na san hannuna bai taɓa faɗawa daidai kamar ranar ba. Mun kai tsakiya, Sande ya buɗe baki ya ce "kar ki hau", sai ladan ya ɗaga murya da kiran sallar la'asar. A garin nan kowa ya sani, in an fara kiran salla kiɗa yana tsayawa, ko a gidan biki ne. Amma mu Musulmin ɗakin, ni da Bala, daɗi ya ɗebe mu, ba mu ma ji ba. Sande, ɗan coci, shi ya ɗora tafin hannunsa a kan igiyoyin jita, ya harare ni. Na tsaya da sanda a sama. Mai rediyo ya rikice, ya murɗe murya ƙasa don kada kiran ya shiga cikin waƙar rawa, ya ɗan jima kafin ya tuna ya danna maɓallin tsayarwa.

Muka je muka yi salla. Sande da Yohanna suka zauna a bakin shago suna cin gyaɗa. Da muka dawo, mai rediyo ya ce sake ɗauka daga farko zai goge rabin da ya yi kyau. Sai Sande ya ce to a ci gaba daga inda aka tsaya. Ya gyara tsayuwa ya ƙarasa: "motar Gitata." Haka kaset ɗin ya fita kasuwa, da shiru a cikinsa, kamar na numfashi uku ko huɗu, a tsakiyar magana.

Da farko abin kunya ya zame mana. Direbobi suna marin rediyon mota, suna zaton ya cinye faifai. Masu saye suna dawo wa masu shago da shi wai ya lalace. Na yi kwanaki ina bin lungu in zan je kasuwa. Ban san wanda ya fara ba, amma a wani biki muka ga masu rawa sun ƙame a daidai wurin, kowa yadda shirun ya same shi, wani ƙafa a sama, wata ɗankwali na zamewa ba ta taɓa ba. Wanda ya fara motsi kafin Sande ya dawo, a yi masa ihu. Daga nan wutar ta kama. Lafiya, Akwanga, Jos, Kaduna, duk an kira mu. Masu buga na jabu suka shiga, wasunsu don gwaninta suka yanke shirun, nasu ya yi kwantai, domin mai saye zai tsaya ya ce a ba shi mai tsayawar. Sande ya sayi babur ya yi wa uwarsa rufin kwano. Ni na ɗinka kwat har da ɗamarar wuya, a zafin Keffi, na sa sau ɗaya na kusa suma.

Sai muka yi wautar da masu nasara ke yi. Duk waƙar da muka sake fitarwa muka cusa mata shiru da gangan. Ba wanda ya ƙame. Sande ya ce mutane ba wawaye ba ne, suna jin bambancin wanda ya tsaya don wani da wanda ya tsaya don a kalle shi. A hankali gayyata ta ɗauke, ya koma gareji, ni na koma sayar da kayan gwari. Bai taɓa nuna ya damu ba. Ni na damu, na kuma nuna wa kowa.

Yanzu ga abin da ya taso. Wani matashi mai haɗa waƙoƙi a Abuja ya samu tsohon kaset ɗin a kayan mahaifinsa, ya neme ni har rumfata. Yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Yana so ya sabunta waƙar, da muryar Sande da jitarsa, a saka ta a waya, iyalin Sande kuma su samu rabonsu. Sharaɗi ɗaya ne: za a cire shirun, wai yaran yanzu ba za su jira shi ba. Na tashi zan yi masa rashin mutuncin da na saba, sai ya ce, "Baba, mu gwada." Ya kunna tsohuwar waƙar ga ɗaliban da ke sayen tumatir a wurina. Suna gyaɗa kai suna murmushi. Da shirun ya zo, wata ta ce waya ta maƙale, wani ya miƙa yatsa zai wuce zuwa ta gaba. Ba wanda ya jira Sande ya ƙarasa maganarsa. Yaron bai yi ƙarya ba.

Na tafi Angwan Iya wurin Maman Ngozi, ina sa ran ta ɗauke min nauyin. Na same ta tana jera robobi a tsakar ɗaki inda ruwa ke zuba. Ta ce ita ba ta cikin ɗakin da aka ɗauki waƙar, ni nake ciki, ni zan yanke. Na fara yi mata dogon jawabi a kan darajar shirun. Ta bari na gama, ta ce, "Malam Audu, ni aka yi wa waƙar, ba kai ba. Jikokinsa ba su taɓa jin muryarsa ba. Ina za su samu rediyon kaset?"

Tun ranar nake yawo. In zauna a rumfa in tashi, in je Liman Abaji in tsaya gaban shagon mai rediyon nan da ya zama wurin cajin waya, in dawo. Ina ta tambayar Sande a raina. Wani lokaci in ji yana cewa kar in yarda, duk waƙar wurin nan ne kaɗai nasa na gaskiya. Wani lokaci in ji yana dariya, yana cewa tsufa ya mai da ni mai gadin abin da babu komai a ciki. Me zai ce da garin da ko'ina lasifika ce, kowa da abin toshe kunne, ba mai jin kiran wani balle ya dakata masa? Ban sani ba. Matattu suna da sauƙin sa wa magana a baki, shi ya sa ban yarda da kaina ba.

Abin da na iya riƙewa shi ne wannan. Ranar da Sande ya dafe igiyoyin nan, a zatonsa ya ɓata waƙarsa ne, faifai guda, damar da ba za ta dawo ba. Ya ɓata ta saboda mutanen bayan katanga. In ni na ƙanƙame shirun yau, matarsa na tarar ruwa da roba, jikokinsa ba su san muryarsa ba, to na adana abin da ya yi na jefar da dalilin da ya sa ya yi shi. Na aika wa yaron cewa ya yanke.

Makon jiya ya zo da sabuwar, muka zauna a ƙofar gidan Maman Ngozi, jikoki sun kewaye wayar. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Muryar Sande ta fito tas kamar yana bayan ƙofa. Ina bin kiɗan da hannu a kan gwiwa. Da ya ce "kar ki hau", hannuna ya tsaya a sama da kansa. Na duba gefe, Maman Ngozi ma ta ƙame da kofi a bakinta. Waƙar ba ta jira mu ba. Yaran suna ta rawa, sun kai Gitata, mu biyu muna tasha.