Na Tsere Na Baro Ƙanwata

Ni mace ce daga Matameye. A lokacin da abin nan ya faru ina soya ƙuli-ƙuli a bayan kasuwa, mijina yana ci-rani a Kano, 'ya'yana uku. Damina biyu a jere ba mu samu hatsi ba. Sai wata Hajiya ta fara zuwa unguwarmu tana neman mata masu aikin gida a wata ƙasa bayan hamada, ta ce shara ce da wanke-wanke kawai, shekara ɗaya mu dawo. Na yarda. Abin da ya fi damuna shi ne ni na je har Kurni na lallashi ƙanwata ta biyo ni, alhali ba ta daɗe da yaye ɗanta ba. Innarmu ta hana, na ce mata ai tana hannuna.

Da muka isa aka karɓe takardunmu, aka kai mu wani gida mai dogon bango a cikin gonar dabino. A sati na biyu na tambayi matar gidan yaushe za mu kira gida. Ta yi dariya, ta nuna mini da hannu da guntuwar Hausar da ta iya cewa sayenmu aka yi, kamar awakin da muke ba ruwa. Shekara biyu muka yi ba mu taka waje ba. Muna ci bayan kowa ya ƙoshi, wanda ya ga dama ya dake mu. Na yi kuka har hawaye suka daina zuwa. Daga baya tafasasshen mai ya zubo wa ƙanwata a ƙafa, aka ƙi kai ta likita, ƙafar ta kumbura har ba ta iya tsayawa.

Wata Juma'a da rana maza sun tafi masallaci, mai kawo gas ya bar ƙofa a buɗe. Bahaushe ne. Ya ce in za mu tafi yanzu ne, ba zai jira ba. Na goya ƙanwata, muka faɗi. Na sake ɗaga ta, muka sake faɗuwa. Ta cire hannuna daga jikinta, ta ce, "Yaya, ki tafi, ki duba mini ɗana." Na rantse mata zan dawo. Na gudu ban waiwaya ba.

Wata bakwai na yi ina kai ƙara kafin hukuma ta tura mutane gidan. Masu gidan suka ce sun ba da ita ga wasu, ba su san inda take ba.

Tun da na dawo gida na bar suya. Ina yawo Kance, Icirnawa da ƙauyuka, gidan biki da gidan suna, ina ɗaga mayafina mata su ga tabon bayana. Ina zama a tasha ranar da motocin arewa ke lodi. Wasu sun sauko sun koma gida, wasu sun zage ni cewa na ci nawa ina hana su. An yi mini barazana, ban fasa ba.

Na gane cewa bauta ba ta ƙare ba, da fara'a take shigowa gida yanzu. 'Yan'uwana mata, duk wanda ya ce ku ba shi takardunku ya ajiye muku, ku juya. Kada kuma ku ja kowa zuwa inda ba ku sani ba. Ɗan ƙanwata ya shiga lakwal bana, wato makarantar boko. Ya tambaye ni ko uwarsa doguwa ce.