Ɗakin da Bai Bari Na Ji Shi Ba

Shin ya kira ni? Har yau ban sani ba, kuma ranar nan ba za ta bar raina ba sai an kai ni makwancina. Rubuta, jikata, kada hawayena su tsayar da ke.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ce. Wani attajirin goro a unguwar Aboabo ta garin Tamale ya sayo na'urar ɗaukar murya, yana so a ɗauki makaɗan Dagomba da masu goge. Amma ƙarar lori da kukan awaki duk shiga suke yi. Sai ya nemi maigidana, wanda magini ne, ya gina masa ɗaki.

Tamale ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ɗaki ne a cikin ɗaki, bango biyu da ba sa taɓa juna. Ni na tsinto audugar rimi, muka cusa a buhuna aka lulluɓe bangon ciki. Ƙofa biyu, an liƙa musu robar taya a baki. Ba taga.

Na ce, "Maigida, ɗakin nan fa a karkace yake."

Ya yi dariya. "Da gangan ne, uwargida. In tsawo da faɗi da tsayi suka zo ɗaya, murya dawowa take yi kamar a rijiya."

Ranar gwaji ya sa na kawo turmi da dafaffiyar doya gindin bangon. Ya ce babu ƙarar da ke bin ƙasa kamar daka. In sakwarata ba ta shiga ba, lori ma ba zai shiga ba. Na ga ya ɗan dafe ƙirji, ya ce ba komai. Ya shiga ya rufe.

Na yi ta daka ina waƙa, har sakwara ta yi laushi. Daɗewarsa ma daɗi take min, don na ɗauka saurare yake. Da na gaji na buɗe, na tarar da shi jingine da buhuna, ya riga ya cika. Allah ya jiƙansa.

Gini kam ya yi, ba na shakka. An yi shekara da shekaru ana ɗaukar kiɗa a ciki, ko kukan kaza bai taɓa shiga ba. Amma tun daga ranar, in shiru ya yi tsawo, tashi nake in leƙa. Ke ma ki riƙe wannan.

A ranar gwajin nan, da maigidana zai ja ƙofar, ya leƙo yana murmushi ya ce, "Ki daka da ƙarfi, uwargida. Ni ma zan ƙwala miki kira daga ciki. In ba ki ji ni ba, aiki ya yi."