Ƙwallo Mai Lamba Huɗu

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda agogon Kawu yana hannuna, kuma na rubuta a littafina kafin in yi bugun, kamar yadda na saba.

Kawu ƙanen Innata ne. Ya yi shekaru a birni yana saɓa wa manya jakar sanduna a filin golf, har tsuke bakin aljihu ya zo aka rage ma'aikata. Ya dawo Gwarzo da sanda ɗaya mai kan ƙarfe da ƙwallaye bakwai, farare, kowace kamar ƙwan kaza mai zanzana. Ba wanda ya kula su sai ni. Ina aji uku a sakandare lokacin, kuma ko gaisuwa nake yi sai an matso ake jin muryata.

A kangon bayan gidanmu, inda awaki suka cinye ciyawa ta kwanta, ya koya mini bugu iri biyu. Akwai gajere, wanda ƙwallo za ta ɗan tashi ta sauka ta gangara zuwa bakin wani tsohon kwano. Akwai kuma na tsallake, wanda za ta yi sama ta faɗo kusan inda za ta tsaya.

"Nauyinki a ƙafar hagu," yakan ce. "Hannuwa gaba da ƙwallo. Kada ki kwashe ta kamar mai ɗibar miya da ludayi. Sari ƙasa, sandar ce za ta ɗaga ta."

Ciwona ɗaya ne. Idan sanda ta kusa taɓa ƙwallo sai in tsorata, in rage hannu, in ɗaga kai. Na sa wa ƙwallayen lamba da jan biro don in riƙa rubuta inda kowace ta faɗa, ko zan gane laifina a takarda.

A ranar Kawu yana Kabo, ya je taya yayansa noma. Ya bar mini agogo da sanda, da sharaɗin kada in fuskanci katangar Malam, maƙwabcinmu mai makarantar allo. Amma rana tana dukan idona, sai na juya. Na ɗaga, na tsorata, na ɗaga kai. Bakin sandar ya sami cikin ƙwallon, ta fita kamar daga gwafa, ta shafi saman katangar ta faɗa gidan Malam. Na tsaya ina jiran a yi salati ko a kira sunana. Ba abin da na ji sai kukan tattabaru. Na kwashe sauran shida na shige ɗaki.

Washegari labari ya shigo gidanmu da bakin mai tallan nono. An tsinci wani ƙwai a tabarmar ƙofar Hajiya, mahaifiyar Malam, wadda ta yi wata biyu tana kwance. Ƙwai ne da rubutun ja a jikinsa. An doka masa taɓarya ya ƙi fashewa, ya yi tsalle ya bugi randa. Da aka sa wuƙa aka tsaga shi, sai wasu baƙaƙen zaruruwa suka fara warware kansu suna motsi suna ƙara, ruwa mai danƙo ya fito daga tsakiya. Tun daga nan zazzaɓin Hajiya ya ƙaru.

"Wa ya shiga gidan jiya?" Inna ta tambaya.

"Mai daddawa kaɗai. Ta je dubiya bayan la'asar."

Gwaggo mai daddawa bazawara ce, ba ta da ɗa a raye, tana zaune a ɗaki ɗaya a ƙarshen layinmu. Ita ce takan ƙara mini gyaɗa idan an aike ni. Ina riƙe da tsintsiya na ji wannan magana, na ci gaba da shara.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Gari ya yi tsit ta wani fanni, masu kiɗa sun ajiye ganga, amma kunnuwa sun buɗe. Kowa yana jiran ya ga wanda za a fara kamawa da wani abu. Kafin la'asar wata mata ta juye daddawar da ta saya a kwata. Da yamma na ji ƙarar dutse a kan rufin kwano daga ƙarshen layi, ɗaya, sai shiru, sai wani. Wasu samari suka ce in an sauko daga Juma'a za su fito da ita, ko ta bar garin ko a kai ta gaba.

Sau uku na je bakin ƙofar ɗakin Inna da maganar a bakina. Sau ukun ta ɗago ta ce, "Mene ne?" na ce ba komai. Hadari yana haɗuwa kullum ta gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zubar ba.

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya dawo. Ya riga ya ji labarin a mota. Bai zauna ba ya ce in kawo jakar ƙwallayen. Ya zazzage ta a tabarma, ya jera su da yatsa.

"Ina ta huɗu?"

Na fashe da kuka.

"Ajiye kukan, zai yi miki amfani an jima. Sa hijabinki."

Zauren Malam cike yake. Kawu ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jikin Hajiya, sannan ya jera ƙwallayen a gaban buzu. Malam ya sa aka kawo tsagaggiyar a cikin kasko. Lambata tana nan a ɓawon. Kawu ya ce zaren roba ne, da shi ake naɗe cikin irin waɗannan tun da can. Ni kuma na faɗi abin da na yi, kaina a ƙasa, har Malam ya ce in maimaita bai ji ba.

Wani dogon saurayi ya yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, mun yarda daga gidansu abin ya fito. Amma ƙafa gare shi? Wannan yarinyar da iska za ta iya ɗauka ce ta tsallakar da shi katanga? A kwandon daddawa ya shigo, rufa mata asiri suke yi."

Malam ya dube ni. "'Yata, za ki iya sake yi?"

Aka ɗunguma zuwa kangonmu. Katangar ta fi tsawon mutum, taki ashirin daga inda na tsaya ran Talata. Malam ya tura ƙanensa cikin gida ya tsaya kusa da tabarmar ƙofar Hajiya. Na ɗaure hijabi a ƙugu. Na ɗaga, na rage hannu, sandar ta caki ƙasa, ƙwallon ta mirgina kamar taki uku ta tsaya.

"Kai, ta kashe tururuwa!" in ji dogon. Aka kwashe da dariya.

Kawu ya tsuguna kamar yana gyara mini wata ƙwallon. "Wancan karon kuskure ne ya kai ta," ya ce a hankali. "Yau ke za ki kai ta. Kwantar da fuskar sandar. Kalli ciyawar da ke ƙarƙashinta, ba katanga ba. In kin taso da hannu kada ki tsaya a hanya."

Na mayar da nauyina hagu. Na zaɓi wani ɗan tsiron ciyawa na kafa masa ido. Na ɗaga har kafaɗa, na sauko ban rage ba, na ji sandar ta shafi ƙasa ta wuce. Ban ga tashinta ba. Da na ɗago tana sama da katangar, fara a cikin baƙin hadari, sannan ta nutse. Daga ciki aka yi salati.

"Ga ta nan! Ta faɗo gindin randa!"

Malam ya juya ga samarin. "Wanda ya sake ɗaga dutse a layin nan, da ni zai yi." Suka watse, amma ba da sauri ba. Na ji wani yana cewa to me ya sa jikin Hajiya ya tsananta a ranar.

Bayan azahar na tafi ƙarshen layi ni kaɗai. Duwatsu suna nan a kan rufin. Gwaggo tana ɗaure tukwanenta a cikin zane, ga tabarma a naɗe. Ta ce ɗan'uwanta zai zo daga Kabo da amalanke. Na durƙusa na gaya mata komai, da yadda Malam ya gani da idonsa. Na ce ta yafe mini, na ce ai yanzu sai ta zauna, ko?

Ta ƙulle bakin zanen, ta gwada nauyinsa, sannan ta dube ni.

"Na yafe miki, 'yar nan. Malam ya gani, na gode masa. Amma ba Malam ne yake sayen daddawa ba. Jiya har na ji muryar wadda na karɓi haihuwarta a cikin masu jifa. Tashi ki kama mini wancan gefen, kafin ruwan nan ya sauko."