Malama Zulaihatu Yankara da Ɗalibanta Arba'in da Ɗaya

Haihuwa da karatu

An haifi Malama Zulaihatu a shekarar 1968 a garin Yankara da ke ƙasar Faskari. Mahaifinta, Malam Badamasi, manomin dawa ne kuma ladanin unguwa, mahaifiyarta Adama kuwa man gyaɗa take sayarwa ranar kasuwa. Ta sauke Alƙur'ani a 1981, sannan ta zauna gaban mahaifinta ta karanci fiƙihu, musamman babin tsarki, har ta gagari sa'o'inta. A boko ba ta wuce firamare ba.

Aure da karantarwa

A 1986 ta auri Alhaji Audi, mai fataucin hatsi, ta tare a Faskari, inda ta buɗe makarantar matan aure a tsakar gidanta a 1994. Nan mata suka samu inda za su kai tambayar da kunya ke hana su yi wa malamai maza. Mace za ta ce ta ga jini bayan kwanciyar aure, ko shekaru bayan ta daina haila, sai Malama ta ce istihala ce, wato jinin ciwo: ta yi tsarki, ta sabunta alwala, ta ci gaba da salla. Hukuncin daidai yake, babu malamin da zai ce ta kauce. Abin takaici, babu mahalukin da ya taɓa sanar da ita cewa irin wannan jini kan zama alamar sankara, ita ma ba ta taɓa tura kowa asibiti ba.

Jinya

A 2021 ita ma ta ga jinin, ta ba kanta amsar da ta saba ba wasu, ta daure wata goma sha huɗu. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a cikin aji a 2022 sannan 'yarta Amatullah ta kai ta asibiti a Zariya, inda aka tabbatar da sankarar bakin mahaifa wadda ta riga ta yi nisa. Likita ta yi mata bayani cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna papiloma ke haddasa ta. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, jikin yawancin mutane ya kawar da ita da kansa, amma a wasu sai ta maƙale shekara goma ko ashirin tana ɓata ƙwayoyin halittar bakin mahaifa shiru. Awo da wuri yana kama ta tun tana warkuwa.

Ba ta gama dawowa ba tsegumi ya riga ta gida, wai cutar masu yawon banza ce. Matar da ta shekara ashirin da takwas tana koya wa gari tsarki! Namiji kan ɗauko ƙwayar bai ji ko ciwon kai ba, amma ko mutum ɗaya bai juya ya dubi maza ba.

Zuba jari

A farkon 2023 ta zauna ta tuno sunayen matan da ta ba waccan amsa, suka kama arba'in da ɗaya. Shida sun riga mu gidan gaskiya. Sai ta sa aka kai shanu taran da ta gada kasuwar Sheme aka sayar, ta sayi hannun jari a wani ƙaramin kamfani a Kaduna mai haɗa kayan awon wannan ƙwaya, irin wanda mace ke ɗibar abin awon da kanta a ɗakinta. Ta gindaya sharaɗin cewa kayan farko Faskari za a kawo. Dangi suka ce ciwo ya taɓa mata hankali, Alhaji Audi ya ce ta zubar da gadon yara a rijiya. Amsarta ita ce: "Alhaji, ni na hwaɗa masu su yi tsarki su yi salla, ban hwaɗa masu su tahi asibiti ba. Mi zan ce wa Allah?"

Kayan sun iso a watan Agustan 2024. Tana kwance ta riƙa aikawa gida gida wurin mata talatin da biyar ɗin da suka rage, aka auna goma sha biyu daga cikinsu, aka kama ciwon da wuri a jikin uku, aka yi musu magani. Ragowar ashirin da uku mazajensu suka hana, wai karɓar kayan awon tamkar amsa laifi ne. Sun gwammace su binne mace da a yi da su a majalisa.

Rasuwa

Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, tana da shekara hamsin da bakwai. An yi mata salla bayan azahar aka binne ta a maƙabartar Faskari, kuma masu tsegumin nan su ne a sahun gaba. Allah ya jiƙan ta da rahama. Ta bar 'ya'ya biyar: Abdulgafar da Mas'udu, waɗanda suka sayar da kasonsu na jarin tun kafin sadakar arba'in, sai Amatullah da Hamida da Khairiyya, waɗanda suka ƙi sayarwa, kuma har yau suna bin ƙofofin gidajen nan ashirin da uku suna sallama.